Masu Komawa Aikin Taswira Da Kwamfuta Su Duba Kafin Su Taka

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan muna ta ganin ma'aikata a Dutse da kewaye suna neman barin aikin da suka saba domin su koma aikin taswira da tattara bayanai ta kwamfuta. Akwai malaman makaranta, akwai akawuna, akwai ma'aikatan lafiya, har da tsofaffin 'yan safiyo da suka ga teburin zane ya daina ciyar da mai shi. Ra'ayinmu shi ne wannan sauyi yana da kyau, amma da yawa suna shiga da ka, ba su tambayi zurfin ruwan ba.

Idan ba a manta ba, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birni, awon filaye da tef da ma'auni mai ƙafa uku ake yi, mai zane kuma ya zauna da alƙalami ya fitar da taswira a kan takarda. A shekarar 2000 Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS ga farar hula. A 2003 Nijeriya ta harba tauraronta na farko mai ɗaukar hoton ƙasa, a shekarar ce kuma Abuja ta fara mayar da takardun filayenta cikin kwamfuta, daga baya jihohi irin su Kano da Kaduna suka bi sahu. Mutumin da ya shekara 20 yana zane da hannu ya wayi gari yaron da ya haifa ya fi shi sauri.

To, amma sauri ba shi ne sanin ƙasa ba, kuma yaƙi da shan inna ya nuna haka. Daga wajen 2012 aka fara ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, ana gwada sawunsu da hoton tauraron ɗan adam, a jihohin Arewa har da tamu. Sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka sun bayyana waɗanda taswirar hannu ba ta taɓa nunawa ba. Sai dai hoton sama rufin ɗaki kawai yake nunawa. Bai san sunan ƙauyen ba, bai san mai unguwar da ke riƙe da shi ba, bai san cewa da damina fadama tana raba shi da hanya ba. Ma'aikacin lafiya na gunduma, wanda ya ƙarar da takalminsa tsakanin Kiyawa da Jahun, shi ya sa wa waɗannan ɗigo-ɗigo suna. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, kuma irin waɗannan mutane suna da kaso a ciki.

Saboda haka wanda zai sauya aiki kada ya raina abin da ya zo da shi. Malamin gona ya san inda ruwa ke kwanciya, ilimin da ake nema ido rufe bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Ringim da Miga da Kafin Hausa. Akawu ya san yadda ake gane lissafin da bai daidaita ba, wanda shi ne rabin aikin gyaran bayanai. Abin da ya rage musu shi ne koyon kayan aiki, wannan kuwa bai kai tsadar da ake tsorata mutane da ita ba. QGIS, wadda ake zana taswira da ita, kyauta ce. KoboToolbox, da ake cike fom a waya, ana iya farawa da ita ba ko kwabo. Wanda ya iya Excel sosai ya riga ya yi nisa. Muna roƙon iyaye, kada a sayar da gona ko sa don biyan kwas na mako shida a wani shago mai allo a ƙofa, alhali ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga kwalejojin fasaha a Dutse da Kazaure, inda takardar da za a ba yaro gwamnati ta san da ita.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu ajiye aikin albashi saboda kwangilar kwana goma. Riƙe waya a bi gida-gida ana cike fom aikin wucin gadi ne, ana gamawa a biya alawus a sallami mutum. Dubban matasa sun nemi aikin ƙidayar jama'a da aka shirya yi da na'ura a 2023, wasu har sun ci bashi a kan kuɗin da suke sa rai, sai aka ɗage ƙidayar a watan Afrilu. Wanda ke daɗewa a wannan sana'a shi ne wanda ya wuce tattarawa, ya iya tace bayanan, ya fitar da taswirar da shugaban ƙaramar hukuma zai duba ya gane inda babu rijiya. Mai iyali ya koyi wannan da yamma da ranar Asabar, yana riƙe da aikinsa, har sabon ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai kuma gargaɗi a kan filaye. Iya kunna GPS a waya bai mai da kowa safiyo ba. Waya tana iya kuskuren mita 5, fili mai ƙafa 50 kuwa faɗinsa mita 15 ne kacal, wato sulusin filin maƙwabci ke nan ya shige naka a takarda. Doka ta ce sai safiyo mai rajista da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, zai sa hannu a taswirar fili. Mai neman wannan hanya sai ya bi karatunta da jarrabawarta.

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 27 kuma, kiranmu shi ne kafin a ɗauko 'yan kwangila daga Abuja, a fara tura tsofaffin ma'aikatan ƙasa da safiyo kwas, a haɗa kowane ɗaya da matashi mai kwamfuta a ofis guda. Da yawansu sun kusa ritaya, kuma a kansu ne kawai aka san inda aka kafa duwatsun iyaka na farko a Dutse.