Raɗin suna a Jigawa: Yadda sunan da aka zaɓa wa jariri ke dawo masa da rigima bayan shekara 17

A ƙauyukan Surko da Sundimina da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da Sara da Basirka a Gwaram, ranar suna tana nan yadda aka gaje ta. Kwana bakwai da haihuwa maza su hallara a ƙofar gida bayan sallar asuba, liman ya yi addu'a, a sanar da suna, a raba goro da dabino, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Zuwa hantsi kowa a unguwa ya san sunan jaririn.

Abin da ba a cika yi ba a wannan rana, ko a makonnin da ke biye da ita, shi ne rubuta sunan a takardar da hukuma ta amince da ita. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Legas na da kashi 94, yayin da Jigawa da Sakkwato suka zo a ƙarshe, kowacce ƙasa da kashi 25. Ma'ana, a cikin yara huɗu a Jigawa, uku ba su da suna a idon gwamnati.

Yaro ɗaya, sunaye huɗu

Bahaushe bai saba zama da suna ɗaya ba. Akwai sunan yanka, wanda uba ke zaɓa, sau da yawa bayan shawara da iyayensa ko malaminsa. Galibi sunan annabi ne ko sahabi ko na iyalan gidan Manzon Allah (SAW).

Daga nan sai alkunya ta shigo. Idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsal ba, don haka sai yaron ya koma Abba ko Baffa ko Khalifa, yarinya kuma ta zama Ummi ko Mama ko Hajiya. Haka ɗan fari, wanda uwarsa kan ɓoye sunansa har tsufanta.

Akwai kuma sunan rana, irin su Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, Talatu da Laraba. Akwai na yanayin haihuwa: Tanko ga namijin da ya biyo bayan mata, Kande ga macen da ta biyo bayan maza, Gambo ga wanda ya bi tagwaye, Audi ga wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa.

A cikin gida duk wannan ba ya rikita kowa. Rikicin yana farawa ne ranar da aka kai yaro makarantar firamare, malami ya tambayi suna, yayan da ya rako shi ya ba da wanda ya fi saba ji a gida.

Rubutun suna da sunan mahaifi

Ko da sunan yanka aka bayar, akwai sauran aiki. Suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad, Muhammadu, Mohammed ko Mamman. A'isha takan koma Aisha, Aishatu ko Ayesha, gwargwadon hannun da ya riƙe biro. Ga kwamfuta kuwa, waɗannan mutane ne daban-daban.

Sai batun suna na biyu. Tun zamanin Turawa makarantun boko a Arewa suka saba jingina ɗalibi ga garinsu, abin da ya haifar da sunaye irin su Aminu Kano da Shehu Shagari. Gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, shi ma da sunan garinsu aka san shi. Har gobe ana samun ɗalibin da takardar firamarensa ke ɗauke da sunan mahaifi, ta sakandare sunan gari, katin banki kuma sunan kaka.

Mata na da ƙarin nasu. Wasu kan sauya sunan mahaifi da na miji bayan aure, duk da cewa malamai da dama na hana hakan, suna kafa hujja da ayar Suratul Ahzab da ta yi umarni a riƙa danganta 'ya'ya ga iyayensu maza.

Lokacin da takarda ta fara tambaya

Shekaru 20 da suka wuce, irin wannan saɓani bai cika hana kowa komai ba. Yanzu lamarin ya sauya. An ɓullo da lambar BVN ta banki a 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta NIN ga duk mai son rubuta jarrabawarta, kuma daga rumbun hukumar NIMC take ɗauko sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, shi ma yana neman NIN da BVN.

Sakamakon haka, matashin da ya kai shekara 17 da suna iri biyu a takardunsa zai iya cin jarrabawa amma ya maƙale wajen tantancewa. Gyara kuma ba kyauta ba ne. Akan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, ga kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko Dutse. A 2025 NIMC ta ƙara kuɗin gyaran ranar haihuwa zuwa sama da naira dubu 28. Ga manomin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a hannu, wannan na iya zama dalilin da yaro zai rasa shekara guda ta karatu.

Rashin rajista na kuma shafar abin da ya fi jarrabawa. Idan babu shaidar shekaru, da wuya kotu ta tantance ko wanda ke gabanta yaro ne ko baligi. Gwamnati ma ba ta da sahihin adadin jariran da za ta tanadar wa rigakafi da azuzuwa.

Doka na nan, isar ta ce matsala

Ba rashin doka ke damun Najeriya a nan ba. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, NPC, ta kuma ba iyaye kwana 60. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce kowane yaro na da haƙƙin a ba shi suna a kuma yi masa rajista. A Nuwambar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajista ta intanet.

Sai dai tsarin ya fi dacewa da wanda aka haifa a asibiti, alhali mafi yawan matan karkara a Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma. Ko wadda ta haihu a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akan sallame ta tun kafin a raɗa suna, kuma al'ada ba ta yarda a bayyana sunan kafin ranar ba. Idan ta koma ƙauye ta shiga wankan jego na kwana 40, mafi yawan wa'adin ya tafi.

Rago ya fi takarda samun kulawa

Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin hidimar suna ya yi tashin gwauron zabi. Magidanci na fafutukar rago da goro da kayan barka da abincin 'yan suna, wasu har da cin bashi don gudun gori. A mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan yanki, yankan suna mustahabbi ne ga mai hali, kuma dabba ɗaya ta wadatar ko namiji aka haifa ko mace. Amma a aikace, kunyar idon jama'a ta mayar da shi kamar farilla, yayin da takardar da yaron zai buƙata tsawon rayuwarsa ba ta cikin lissafin kowa.

Inda mafita take

Ranar suna ita ce rana ɗaya tilo da uba da liman da mai unguwa ke zama wuri guda saboda jariri, kuma kowa ya ji sunan da kunnensa. Idan NPC da masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, suka ba masu unguwanni da limamai kundin rubuta sunan nan take, jami'in rajista na iya bi ya kwashe duk mako. Sarakunan Arewa sun taka irin wannan rawa a yaƙi da cutar shan inna, har aka ayyana Najeriya ta rabu da ita a 2020. Ranakun rigakafi a asibitocin sha-ka-tafi wata dama ce, tunda uwa kan kai jariri a mako na shida, cikin wa'adin kwana 60.

Iyaye ma na da abin yi wanda ba ya cin ko kwabo. Uba ya tsayar da yadda za a rubuta sunan da boko tun ranar suna, ya zaɓi suna na biyu guda ɗaya ga dukkan 'ya'yansa, ya kuma tabbatar shi aka rubuta a katin rigakafi da rajistar firamare. Abba da Ummi su ci gaba da amsa sunayensu a tsakar gida, amma sunan yanka ne kaɗai zai shiga takarda.