Ciwon Bayan Tsoffin Sojoji a Yauri: Gwaji Kafin Sayen Shimfiɗar Takalmi

Sojan da ya yi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG a shekarun 1990, ya dawo Yauri ko Ngaski ko Shanga yana noman shinkafa da albasa a gaɓar tafkin Kainji, sau da yawa ciwon baya ne ke cinsa. Shekarun ɗaukar kaya cikin takalmin soja ba sa tafiya haka nan.

Yanzu ana tallata shimfiɗar cikin takalmi da ake ƙerawa daidai tafin ƙafar mutum, don ta gyara taku ta rage wa ƙugu wahala. Wani gwaji a Amurka a 2017, kan mutum 225, ya nuna sauƙi bayan mako shida. Amma NICE, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila, a ƙa'idarta ta 2016, ta ce kada a bayar da ita don ciwon baya. Kuma me za ta yi wa mai yini cikin fadama da silifas?

Wanda rauni ya gajarta masa ƙafa ɗaya, shi kam shimfiɗar tana iya taimakonsa, sai dai likita ne zai tantance. Asibitin Ƙashi na Dala yana Kano, tafiyar yini guda ga dattijo mai ciwon baya. Hukumar DHML, mai kula da lafiyar sojoji har da masu ritaya, ya kamata ta riƙa kawo ƙwararru Yauri su duba su a gida.