Aji mai rufin kwano ba silin yana gasa 'ya'yanmu

Duk wanda zai amince da kwangilar gina aji a jihar Kebbi ya kamata ya fara sanin wani lissafi guda: jikin babban mutum, ko yana zaune bai motsa ba, yana fitar da zafi kusan wat 100. Abincin yini mai kalori 2,000, in aka raba ƙarfinsa a kan awa 24, abin da yake bayarwa ke nan, kuma kusan dukkansa zafi yake komawa. Wato kowannenmu tamkar tsohon ƙwan lantarkin nan ne mai wat 100 da ba a kashe shi dare da rana. Yaro ya kan fitar da kamar wat 70. Aji mai ɗalibai 60 kuwa ya haura wat 4,000, daidai da ƙwai 40 a kunne cikin ɗaki ɗaya.

Dole wannan zafi ya fita, domin cikin jiki yana son zama a digiri 37. Hanyoyin fitarsa kaɗan ne. Akwai taɓa abu mai sanyi: duk wanda ya ga masunta sun fito daga Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu suna kakkarwa, rana na dukansu, ya ga yadda ruwa ke zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Akwai iska mai kaɗawa. Akwai gumi. Sai ta huɗu, wadda ita ce aka fi mantawa: fata tana watsa wani haske da ido ba ya gani. Shi ne na'urar da aka riƙa ɗora mana a goshi a 2020, lokacin korona, take karantawa.

Ba fata kaɗai ke watsa wannan haske ba. Bango, ƙasa, rufi, kowane yana watso nasa gwargwadon zafinsa. Josef Stefan ya gano ƙa'idar a 1879, Ludwig Boltzmann ya tabbatar da ita da lissafi a 1884, kuma abin da take nunawa shi ne ƙarin zafi kaɗan yana ƙara watsawar da yawa. Fata tana kusa da digiri 33. Abin da ya kai digiri 60 yana watso kusan kashi 40 cikin ɗari fiye da ita. A hunturu bango ya fi mu sanyi, mu muke ba shi zafi, shi ya sa muke neman bargo. A bazara lamarin ya kan juye.

A Birnin Kebbi watan Afrilu ya saba haura digiri 40, kuma kwano a tsakar rana ya fi iska zafi sosai. Na koyar da kimiyya a irin wannan aji. Da azahar ta matso sai ka ji zafi na sauko maka a ƙeya ko da tagogi a buɗe suke. Iska ta fi fata zafi, ba ta ɗauke komai. Rufi na zubo nasa. Hanya ɗaya ta rage wa yaro, gumi, shi ma sai in ya sha ruwa. A nan malami zai ga kawuna sun kwanta a kan benci, ya ce lalaci ne. Wallahi ba lalaci ba ne. Jiki ya tura jini zuwa fata don ya huce, zuciya na ƙarin aiki, hankali ba zai tsaya a kan allo ba.

Magabatanmu ba su karanta Stefan ba, amma sun gina soro mai kauri da azara. Shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, da rana tsaka, ka ji bambanci. Ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi, ba ya iso ciki sai rana ta yi sanyi. Mun bar wannan mun koma kwano saboda sauƙi da jure damina, kuma ban ga laifin hakan ba. Laifin shi ne barin kwanon tsirara a kan yara.

Haka lamarin yake a fadama. Tsoka ba ta mayar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin abinci zuwa aiki; sauran zafi ne. Mai yankan shinkafar rani zai iya fitar da wat 400, kuma kafin gumi ya kwashe wannan sai ya busar da fiye da rabin lita a kowace awa, ban da abin da rana ke ƙara masa. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna Afrilun 2024, cikin azumi, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu.

Za a ce kuɗi. To, abin da nake nema ba na'urar sanyaya ɗaki ba ce. Abin da nake nema shi ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta ƙi karɓar duk ajin da ba a sa masa silin ba, domin silin ne ke tare hasken kwano kafin ya iso kan yaro. A shafa wa rufi farin fenti ya mayar da hasken rana. A bar kafar fitar iska a saman bango. A dasa dogon yaro gabas da yamma da kowane gini. A ajiye randa a bakin kowane aji. Daga Maris zuwa Mayu a shiga aji da sassafe, a tashi kafin rana ta take. Masu gonaki su ma su ba 'yan ƙwadago hutun tsakar rana da ruwan sha, ba tare da rage musu lada ba.

Iyaye da 'yan kwamitin makaranta, ku je ajin 'ya'yanku da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, ku zauna a bencin baya na rabin awa. Daga nan ku tafi wurin shugaban ƙaramar hukuma ku tambaye shi yaushe za a sa silin.