Buhu Biyu Ba Su Kai Ƙafa Ɗaya Ba

Jama'a, babur ya gāji jaki a ƙauyukanmu. Shi ke kai taki gona, shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai maras lafiya asibiti. Amma fa akwai bambanci. In ka yi wa jaki kaya fiye da ƙarfinsa, sai ya durƙusa ya ƙi tashi. Babur kuwa ba ya gardama. Zai ɗauka, sai kun hau kwalta sa'an nan ya nuna maka kuskurenka.

Ku tsaya bakin hanyar Wudil ran Juma'a, ko ta Maigatari ran Alhamis, ku gani. Mutum ya ɗaure buhun masara biyu a baya, ya ɗora akuya, shi kuma ya zauna bisa tanki. Buhu biyu kilo 200 ke nan, watau sun fi babur ɗin kansa nauyi. Nauyin duk yana baya, tayar gaba da kyar take taɓa ƙasa. To, ita ce ke juya babur, birkinta kuma shi ya fi ƙarfin tsaida shi. In ta yi sakayau, ina linzaminka sa'ad da babbar mota ta ɓullo daga kwana?

Ga wani lissafi kuma. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. In ka ninka gudu, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya ya ninku huɗu, balle da kaya. Sauri ya haifi nawa.

Na san abin da za a ce: mai ya yi tsada, sawu biyu hasara ne. Gaskiya ne, mai ya yi tsada. Amma a auna. Karayar cinya tana kwantar da mutum watanni. In ta same ka a farkon damina, wa zai yi maka huɗa, wa zai yi noma da maimai? Kuɗin da ka yi tsimi bai kai na mota zuwa asibitin ƙashi na Dala ba, ga kuma gona ta zama saura.

Saboda haka shawarata ita ce: buhu ɗaya, a ɗaure shi tam, kusa da bayanka. In kaya sun yi yawa, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki mota. A tattare babbar riga, mata kuma su kama bakin hijabi da zane, domin taya da sarƙa suna fizgarsu. Kada ka raɓi babbar mota. In ba ka hango madubinta ba, direba bai gan ka ba. Ran da aka yi ruwan fari a sassauta, don ƙura da mai sun mai da kwalta kamar an zuba kuɓewa.

Sai hular kwano. A 2009, da hukumar kiyaye haɗari ta Nijeriya ta matsa a sa ta, har wasu suka kifa ƙwarya a ka. Ƙwarya ta fura ce. Ƙafa tana ɗoruwa, kai kuwa ba madori gare shi ba.

Mu manoma ma da namu laifi. Da kaka sai mu baza shanyar masara da barkono a gefen kwalta, mu jera duwatsu. Gefen nan shi ne mafakar mai babur in motoci biyu sun game. Ya kauce wa mota, ya hau hatsi, taya ta sulɓe. Mai yiwuwa kuwa ɗanka ne. Ina roƙon masu unguwanni da sarakunan noma su keɓe filin shanya nesa da hanya.

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya komo da mu gida lafiya, amin.