Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada Da Doguwa

Masu girma shugabanni da kansiloli,

Kogi ɗaya da hanya ɗaya ne suka ɗaure tattalin arzikin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya taru a madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974. Ita kuwa hanyar Jos a Kwanar Ɗangora take rabuwa da ta Zariya, ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta nufi Saminaka. Damina ta fi albarka a nan fiye da arewacin jihar Kano, shi ya sa masara da shinkafa da rake suke yin kyau. Sai dai yawancin amfanin gonar ɗanye yake fita: a kaka a loda shi zuwa kasuwar Dawanau da araha, da bazara manomin ya sayo shi da tsada.

Doka ba ta bar ƙaramar hukuma hannu rabbana ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata shiga cikin tsara tattalin arzikin yankinta, jadawali na huɗu kuma ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da hanyoyin cikin gari. Dokar filaye ta 1978 ta ba ta ikon bayar da takardar mallaka a filayen karkara. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, amma rubuta tsari ba ya jiran wannan, domin aiki ne na takarda da ƙafa da zama da mutane.

Matakin farko shi ne ƙidaya. Ya kamata kowace majalisa ta san buhu nawa ke shiga kasuwanninta a ranar kasuwa, injin casar shinkafa nawa ke aiki, da kuma ƙauyukan da mota ba ta shiga idan ruwa ya sauka. Dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa da shugabannin direbobi sun san amsar, rubutawa ce kawai ba a yi.

Inda ya fi buƙatar gaggawa shi ne Kwanar Ɗangora. Gari ne da mahaɗar hanya ta haifa, kuma irin waɗannan garuruwa sukan girma ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Rumfuna su cinye kafaɗar titi, tireloli su kwana a bakin kwalta, gidaje su toshe hanyar ruwa, sai daga baya a zo ana rusau ana biyan diyya. Tun fili bai yi tsada ba ya dace a keɓe wurin tashar manyan motoci, da kasuwar hatsi mai ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, da layin masu injin niƙa da casa, da rumbunan ajiya. Rumbun nan shi ne ƙashin bayan maganar. Idan manomi zai ajiye masararsa, a ba shi rasit, ya jira farashi ya tashi, to an rage masa sayar da gumi don biyan bashin taki. Ba sai ƙaramar hukuma ta gina komai da kuɗinta ba. Aikinta ta fitar da fili babu rigima, ta kai hanya da ruwa, 'yan kasuwa su zuba jari. Garin Tudun Wada ma irin wannan taswira yake buƙata.

Tiga tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ruwanta ya fi amfanar masu noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Duk da haka akwai masunta da masu lambu a bakinta, waɗanda ke asarar kifi da tumatir saboda rashin wurin sanyaya kaya da na busarwa. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha rufewa saboda ƙarancin tumatir da saɓani kan farashi. Don haka kafin a yi maganar masana'anta, a fara da haɗa manoma cikin ƙungiyoyi da yarjejeniyar sayen kaya.

Ma'adinan Riruwai da ke Doguwa, kuza da danginta, mallakin gwamnatin tarayya ne. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara haƙa, kuma majalisar Doguwa ce ta fi cancanta ta tsaya wa mutanenta a teburin, ta ajiye kwafin abin da aka sa wa hannu. Haka batun Falgore: ɗan kasuwa ba ya kai jari inda yake tsoron bin hanya da dare. Shata burtalai da mashaya, da haɗa makiyayan rugar Ɗansoshiya da ke Kiru da masu sayen madara, duk aikin tattalin arziki ne.

Babu ɗaya cikin huɗun da za ta iya wannan ita kaɗai. Abin da ya dace shi ne kwamitin haɗin gwiwa mai zama duk wata uku, da wakilan hakimai da manoma da mata masu sana'a, ya fitar da tsarin shekara biyar da zai zarce wa'adin kowane shugaba. Su daidaita kuɗin shiga, ta yadda motar masara daga Doguwa ba za ta biya haraji a kowace iyaka ba. Kowace sakatariya kuma ta liƙa kasafin kuɗinta da Hausa a ƙofar ofis, tare da jerin ayyuka da sunayen 'yan kwangila da ranar kammalawa.