Mu Kafa Gidan Wayarmu a Cikin Gida

Jama'a, ina so in jawo hankalinku ga wani abu da muke yi kullum a kwalejin nan, wanda in mutum ya zauna ya duba sai mamaki ya kama shi. Ofishin magatakarda da ofishin jarrabawa bango ɗaya ne tsakaninsu. Amma in akawu ya aika wa maƙwabcinsa wasiƙar imel ta Gmail ko Yahoo, sai ta bar garin nan, ta shiga injunan wani kamfanin Amurka, sa'an nan ta komo ta faɗa ɗakin da ke kusa. Ashe wannan ba zagayen banza ba ne?

Ku tuna da ran 14 ga Maris 2024, sa'ad da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace wajen gaɓar Kwadebuwa. Aiki ya tsaya wa mutane da yawa a Nijeriya, har da bankuna. A irin wannan rana, ofishin da ya dogara ga waje kaɗai sai ya koma neman masinja da kekensa.

To, maganin abin ba shi da wuya. A sami kwamfuta guda, ko da tsohuwa ce, a ajiye ta ta zama gidan wayar kwaleji. A haɗa ta da kwamfutocin ofisoshi da waya ko Wi-Fi, a ba ta lambar adireshi wadda ba ta sakewa. A sa mata manhaja biyu da ake samu kyauta. Ta fari sunanta Postfix, wadda ta fito a 1998, ita ce ma'aikacin da ke karɓar wasiƙa ya jefa ta akwatin mai ita. Ta biyu Dovecot, ita ce mai tsaron akwatuna, ba ta buɗe wa kowa sai ya kawo kalmar sirrinsa. Kowane malami kuwa sai ya karanta nasa da Thunderbird a kan teburinsa. Ko suna ma ba sai an saya ba, gama a 2024 hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta keɓe ƙarshen suna .internal don amfanin cikin gida. Ka ga ke nan ana iya rubuta wa magatakarda@kwaleji.internal ko da layin waje ya mutu mako guda.

Amma babban dalilina shi ne amana. Tambayoyin jarrabawa, da makin ɗalibai, da takardun horo, yanzu duk suna yawo cikin akwatunan malamai na kansu da kuma WhatsApp. Malami ya bar aiki, ya tafi da su cikin aljihunsa. Wayarsa ta ɓace, asirin ɗalibai ɗari ya tonu. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, ta 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Yaya za mu tsare abin da ba ya hannunmu?

Na san wani zai ce, “Malam, wuta fa?” Gaskiyarsa. In babu batir da faifan hasken rana, gidan wayar zai riƙa barci tare da wutar gari. Wani kuma ya ce mai kula da injin yana iya leƙa wasiƙun mutane. Wannan ma haka ne, saboda haka a zaɓi amintacce, a rubuta masa doka, a kuma riƙa kwafe wasiƙun duka kowane mako a kulle a wani ɗaki dabam. Wasiƙun waje kuwa, kamar na iyaye da na ma'aikatar ilmi, a bar su su bi tsohuwar hanya, don manyan kamfanoni sukan ƙi karɓar saƙo daga ƙaramin injin da ba su sani ba.

Ina roƙon Shugaban Kwaleji ya ba ɗaliban sashen kwamfuta wannan aiki, malamansu na duba su. Gobe su ne za su riƙe makarantu inda layi ke wuya, gara su koya tun yanzu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.