Ƙarancin Kuskure Ba Shi Ne Gwaninta Ba

A wasan besbol na Amurka, babban aikin majefi shi ne ya jefa ƙwallo ta yadda mai sanda zai kasa bugunta. Amma da zarar an buge ta, shi ma ya koma mai tsaro: sai ya cafe ta, ko ya miƙa wa abokin wasansa don a fitar da mai gudu. Wannan aiki na biyu ba ya jan tafi, duk da haka an fi shekara 100 ana rubuta alƙalumansa.

Greg Maddux, wanda ya yi wasa daga 1986 zuwa 2008, ya karɓi lambar Safar Zinare, wadda ake bai wa gwanin tsaro a kowane gurbi, har sau 18. Jim Kaat ne ke biye masa cikin majefa da 16, Bob Gibson kuwa 9 ya samu. Maddux ya fitar da masu gudu 546 da hannunsa, adadin da babu majefin da ya kai, ya kuma taimaka an fitar da wasu 1,194. Amma an rubuta masa kuskure 53, kuma akwai majefan da ba su kama ƙafarsa ba waɗanda kason kuskurensu bai kai nasa ba.

A nan ma'aunin yake da ɓaraka. Ba a rubuta wa mutum kuskure sai ya isa ga ƙwallo ta kuɓuce masa. Wanda ya tsaya ƙyam ta wuce ta gefensa, takardarsa fes take. Tulun da ake zuwa rafi da shi ne yake fashewa, randar da ke girke a ɗaki kuwa lafiya lau. Shi ya sa Bill James, a shekarun 1970, ya kawo wani lissafi: ƙwallo nawa ɗan wasa yake isa gare ta a kowane wasa, in an gwada shi da tsararrakinsa a gurbi ɗaya. Wannan ma sai da lura, domin salon jifan Maddux yakan sa ƙwallo ta gangaro ta ƙasa zuwa wajensa, ga kuma kaka 23 da ya yi yana tarawa.

Ido kaɗai ma yana yaudara. A 1999 masu horarwa suka zaɓi Rafael Palmeiro gwanin gurbin farko, alhali wasa 28 kacal ya tsaya a gurbin a kakar. Suna ne ya yi aiki. Daga 2013 aka fara haɗa ƙuri'ar masu horarwa da alƙaluma.

Besbol baƙo ne a Karaye da Rogo, amma matsalar 'yar gida ce. A filayen ƙwallon ƙafa na waɗannan ƙananan hukumomi, waɗanda dokar 2024 ta haɗa a Masarautar Karaye, abin da ake tunawa shi ne wanda ya zura ƙwallo da golan da ta zille masa. Ɗan bayan da ya tare hari goma ya faɗi a na goma sha ɗaya shi ake yi wa ihu, wanda ya kauce wa karo kuwa ya tafi gida da mutuncinsa. Idan lokacin tura yaro gwaji a Kano Pillars ya zo, in babu rubutu, sai a koma ga wa ka sani. Yaron ƙauye da ba shi da uwa a gindin murhu shi ke asara.

Maganin bai wuce littafi da biro ba. Masu shirya gasa su ajiye mutum guda a bakin fili ya rubuta abu uku game da kowane mai tsaro: hari nawa ya zo ta gurbinsa, nawa ya tare, minti nawa ya buga. A ƙarshen gasa a gwada gola da gola, ɗan baya da ɗan baya. Littafin ba zai maye gurbin idon koci ba, amma zai tilasta masa ya kawo hujja duk ranar da ya ajiye yaron da ya fi kowa tare hari ya ɗauki wani.